Kitson Jan Ƙarfe

Da aka sallami sojojin da suka yi yaƙin Bama, Mu'azu ya dawo Wurno da sana'a a hannunsa. A can ba harbi aka fi sa shi ba, gyaran motocin soja ya koya, har ya zama idan inji ya yi tari daga nesa ya san abin da ke damunsa. Ya kafa rumfa kusa da inda manyan motocin albasa suke tsayawa, direbobi suka san shi. Mutum ne marar yawan magana, mai aiki a tsanake. Ba ya ɗaura noti sai ya goge shi, ba ya mayar da waya sai ya bi ta da yatsa daga wannan baki zuwa wancan. Masu gaggawa sukan yi ƙorafi, amma motar da ta fito daga hannunsa ba ta cika dawowa da ciwo iri ɗaya ba.

Matarsa Habi 'yar Goronyo ce, kuma duk unguwarsu an san ta da kitso. Mahaifinta, Alhaji Ƙasimu, tsohon falke ne da ya yi fataucin albasa da fatu tun yana saurayi. Wata shekara doki ya kayar da shi a bakin fadama, ƙugunsa ya goce. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, Alhaji ya tashi yana takawa da sanda, amma hawan doki ya ƙare masa, balle hawa saman buhunan babbar mota.

Abin da ya fi damun tsohon shi ne amininsa Malam Jelani na Rabah. Tare suka yi fatauci, kuma kowace kaka Alhaji kan ɗaura sirdi ya je ya kwana biyu a gidansa. Yanzu shi ba ya hawa, Malam Jelani kuma ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa nesa da ƙofar gida. Sai gaisuwa kawai suke aika wa juna ta bakin matafiya.

A bayan gidan Alhaji, kusa da turken dawaki, akwai wata tsohuwar mota. Ta wani Bature ce da ya zo auna fadamar gulbin Rima kafin yaƙi. Ta lalace masa a Goronyo, ya bar ta ajiya, yaƙi ya tashi aka kira shi, daga baya ya aiko masinja ya ce Alhaji ya riƙe. Tun daga nan take zaune. Tayoyi sun zube, gara ta cinye katakon bayanta, kaji suna ƙwai a kan kujerar direba.

Bayan an gama girbi Mu'azu ya kai Habi ganin gida. Ya cire takalmi tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa ya gaishe da surukinsa, kansa a ƙasa. Da suka gama gaisawa Alhaji ya jawo sandarsa ya ce ya biyo shi.

"Malam Mu'azu, ga ta nan," in ji Alhaji, yana nuna motar da sanda. "Duba ta da kyau ka hwaɗa min gaskiya. Gawa ta, ko tana da sauran numfashi?"

Mu'azu ya kore kajin, ya buɗe murfin inji, ya zura handul, ƙarfen tayar da inji da hannu, ya gwada juyawa. Injin ya ƙi motsi. Ya cire fulogi ya shinshina, ya kwanta a ƙasa ya daɗe yana ƙwanƙwasa shasi, wato ƙashin ƙarfen da duk motar take zaune a kai.

"Mi kag gani?" Alhaji ya tambaya.

"Baba, ƙashinta lahiya lau yake. In Allah ya yarda tana tashi. Amma sai an yi haƙuri."

"Haƙurin nan shina kai mu Rabah kahin damina?"

"In Allah ya so."

Mu'azu ya bar rumfarsa a hannun wani abokin sana'arsa, shi da Habi suka tare a Goronyo. Ya sauke injin gaba ɗaya a kan tabarma, ya jiƙa abin da ya kafe da kananzir, ya wanke kafireto, ya toshe yoyon lagireto. Robobin da injin yake zaune a kansu sun rube, sai ya yanko sababbi daga tsohuwar tayar babbar mota. Tayoyi da wayoyi ya samo su a hannun direbobin da ya sani. Wani kafinta mai suna Attahiru, mutum mai fara'a da son zance, ya zo ya sake ƙera bayan motar da katakon maɗaci, ya yi kujera mai faɗi yadda tsoho zai miƙe ƙafa, ya ɗaura fitilun baya a jikin sabon katakon.

Da aiki ya yi nisa Mu'azu ya tafi Sakkwato neman batir da inda za a cika masa wuta. Alhaji kuwa zama ya gagare shi. Ya aika aka kawo koren fenti, ya sa Attahiru ya shafe motar ciki da waje, har ƙarƙashi, har shasin da ba wanda zai gani. Ya ce a yi shafi biyu don tsatsa kada ta sake samun wurin zama. Da Mu'azu ya dawo ya tarar da mota tana sheƙi kamar ganyen albasa, tsohon yana zaune a gabanta yana murmushi. Mu'azu ya yaba, ya yi godiya, ya leƙa ƙarƙashi ya ga har shasin ya sha fenti.

Ranar gwaji maƙwabta suka cika bayan gidan Alhaji. Aka taimaka wa Alhaji ya zauna a gaba. Mu'azu ya ɗaura batir, ya ja wayar cok mai ƙara wa inji mai, ya taka sitata. Injin ya yi gurnani sau ɗaya, a wahalce, kamar raƙumin da aka yi wa lodi ya wuce kima. Mu'azu ya sake takawa. Sai wani wari ya tashi, siririn hayaƙi ya fito daga inda wayar cok ta ratsa allon da ke gaban direba. Alhaji ya kai hannu zai taɓa maɓallin cok ɗin ya janye da sauri yana yarfe yatsu. Mu'azu ya yi tsalle ya fita ya fizge kan batir.

Mutane suka ja da baya. Wani ya ce dama motar da ta shekara da shekaru a kango ba a rasa masu zama a cikinta. Attahiru ya ce a gwada handul mana. Mu'azu ya mayar da batir, ya juya handul, injin ya kama, ya yi ta kakari yana tsallake bugu, amma dai yana tafiya. Jama'a suka yi kabbara. Fitilun gaba suka kawo ja-ja kamar garwashi, na baya ko ƙyaftawa ba su yi ba.

"To alhamdu lillahi!" in ji Alhaji, ya manta da yatsunsa. "Ta tashi. A bar sitatan nan, handul ya isa. Hitila kuma mi za mu yi da ita? Da rana za mu tahi. Jibi mu kama hanya."

Mu'azu ya kashe injin. Bai taɓa musa wa surukinsa magana ba, ko ido ba ya haɗawa da shi. Ya jira har mutane suka ragu, sannan ya zo ya tsuguna a gefen ƙofar motar.

"Baba, a gahwarce ni. Ba ni iya ɗaukarka cikinta haka."

Fuskar tsohon ta canza. "Don mi?"

"Wutar batir ba ta da hanyar komawa. Ita wutag ga, in ta hita ta waya ta yi aikinta, dole sai ta koma cikin batir ta ɗaya kan. Masu ƙera mota ba su ja mata waya ta biyu ba, jikin ƙarhen motar shi na hanyarta ta komawa. Turawa ƙasa suka ce ma wagga hanya."

"Ƙasa? To a ja waya a binne mana. Ga ƙasa nan ko'ina."

Mu'azu ya danne dariya. "Suna na kawai, Baba. Shasi suka nuhi. Yanzu inji na zaune bisa robar da nis sa, wuta ba ta ratsa roba. Hitilun baya na bisa katako, ba ta ratsa katako. Inda batir ya kama shasi kuma…" Ya sunkuyar da kai. "Akwai henti tsakani."

"Hentina?"

"Shi na, Baba. Da wutar ta rasa babbar hanya sai ta bi ta 'yar siririyar wayar cok, ita kuwa ba ta iya ɗaukarta, shi ya sa ta yi zahi. Yau yatsa ta ƙona. Bisa hanya, ga mai ga busasshen katako, kai kuma ba ka iya sauka da sauri."

Alhaji ya daɗe yana kallon koren fentin. Ransa ya ɓaci, amma falke ne da ya san amfanin jin maganar wanda ya san hanya. A ƙarshe ya ce, "Kankare inda za ka kankare. Amma kada ka taɓa wajen da mutane ka gani."

Washegari Mu'azu ya shiga ƙarƙashin mota da magagari. Duk inda waya za ta kama ƙarfe, sai ya kankare fenti da tsatsa, faɗin kwabo ko ya ɗan fi, har ƙarfen ya yi fari yana ɗaukar ido. Ya goge bakin wayar ita ma, ya ɗaure da noti tam, sannan ya shafe saman da giris don kada raɓa da laka su shiga. Attahiru ya tambaye shi dalilin da ba zai sa giris ɗin tun farko ba, ya ce ƙarfe da ƙarfe ne za su fara haɗuwa tsirara, giris mayafi ne kawai. Kowace fitilar da ke kan katako ya ja mata tata wayar komawa har zuwa shasi, ya bi ta da ƙananan kusoshi yadda ba za ta yi lilo ba. Tsakanin inji da shasi kuma, inda wutar sitata mai ƙarfi za ta bi, ya sa maƙeri ya buga masa sandar jan ƙarfe mai kaurin ɗan yatsa, aka lanƙwasa ta, aka huda bakinta biyu.

Da ya taka sitata, injin ya kama kafin ya ɗage ƙafa. Attahiru ya rufa wa motar zana don a sami duhu, fitilu suka haska gaba da baya fari tas. Alhaji ya sa aka dafa shayi.

Amma Mu'azu ya ce sai ya gwada ta a hanya shi kaɗai tukuna. Ya fita da hantsi ya kama hanyar Wurno. Rani ya yi, motocin albasa sun mayar da hanyar gargada zalla, mota tana rawa kamar ana tankaɗe. Bai yi nisa sosai ba injin ya fara tsallake bugu, ya yi ta shiɗewa yana dawowa, sannan ya mutu. Da ya buɗe murfi ya tarar sandar jan ƙarfen ta tsage daidai bakin noti. Injin yana motsi a kan robarsa, shasi yana nasa, sandar ba ta lanƙwasuwa, girgiza ta karya ta. Ya haɗa da guntuwar waya ya lallaɓo gida a hankali.

Da la'asar Habi ta kawo masa fura wurin motar ta same shi zaune a kan tabarma, gaban tulin siraran wayoyin jan ƙarfe da ya warware daga cikin wani ƙonannen dinamo. Yana murza su a cinya kamar mai tufkar igiya. Duk wadda ya tufka sai ta fito a murɗe, ta yi tauri, da ya lanƙwasa ta sai ta buɗe.

"Malam, mi kaka yi haka?" ta tambaya.

Ya nuna mata gutsattsarin sandar. Ya ce a motocin soja akwai wata waya da ake sawa a wurin, shimfiɗaɗɗiya kamar ɗamara, an saƙa ta da siraran wayoyi masu yawa. Tana ɗaukar wuta mai ƙarfi, kuma duk yadda inji ya yi rawa sai ta bi shi. Ya nema a Sakkwato tun tuni bai samu ba.

Habi ta ajiye ƙwaryar, ta ɗauki waya ɗaya ta naɗe a yatsa ta warware. "Shimhiɗaɗɗiya kac ce? Ba zagayayya ba?"

"Shimhiɗaɗɗiya."

"To ai ba tuhka aka yi mata ba, kitso na. Kai kana murɗa su waje guda, shi ya sa suka yi maka gardama. Mi na wanga jan abu bisa jikinsu?"

Ya ce wani irin shafi ne da ke hana wuta tsallakawa, dole a cire shi. Ta kwashi wayoyin ta shiga da su cikin gida. Ta babbake su a murhu har shafin ya ƙone, ta jiƙa tsamiya, ta haɗa da toka, ta dirje su yadda ake dirje tasa, har suka fito jajur suna walƙiya. Washegari ta dawo wurin motar ta sa Mu'azu ya kafa mata ƙusa a jikin turke. Ta ɗaure bakin wayoyin a kai, ta raba su kashi-kashi, kowane kashi 'yan silili da yawa, ta zauna ta miƙe ƙafa.

Na farko bai yi ba. Waya ba gashi ba ce, inda aka lanƙwasa ta nan take tsayawa, kuma ta yanke ta a yatsa. Ta tsotse jinin, ta warware, ta rage yawan sililin kowane kashi, ta ƙara yawan kason. Daga nan hannunta ya gane. Mu'azu ya zauna yana kallon yatsunta suna ɗaga wannan su cusa ƙarƙashin wancan, tana danna kowane layi da babban yatsa kafin ta wuce, ba ta ja da ƙarfi, ba ta saki. Ya sha ganin mata suna fita daga gidansa da sabon kitso, bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake yi ba. Ɗamara ta rinƙa fitowa daga hannunta, faɗin yatsa biyu, lafiyayya, ido ɗaya bai fi ɗan'uwansa ba.

Da ta kai tsawon da ya auna mata, ya karɓa ya lanƙwasa ta gaba da baya, ya murɗa, ya ja. Ta bi hannunsa kamar fata.

"Wallahi Habi, ta hi ta soja kyau."

"Kai dai ka gwada ta tukuna," ta ce, amma ta ji daɗi.

Guda uku ta kitsa. Wani maƙerin farfaru ya cusa bakin kowace cikin ɗan bututun jan ƙarfe, ya buge shi ya baje, ya cika da dalma, ya huda. Mu'azu ya ɗaura ɗaya daga batir zuwa shasi, ɗaya daga shasi zuwa inji, ta ukun daga shasi zuwa kwanon gaban motar inda allo da fitilun gaba suke. Kowace ya bar mata ɗan sako-sako don ta sami wurin motsi. Ya sake fita gwaji, wannan karon har Wurno ya je ya dawo, ya zaɓi wuraren da gargada ta fi muni. Da ya iso gida ya buɗe murfi ya duba bakin kowane noti. Sannan ya je zaure ya durƙusa.

"Baba, duk randa ka shirya."

Suka tashi da sassafe bayan sallar asuba ta ranar Alhamis. An shimfiɗa wa Alhaji buzu da matasai a kujerar baya, aka sa buhun albasa da ƙullin goro na tsaraba. Habi ta zauna kusa da mahaifinta don ta tallafe shi a wuraren ramuka. Suka wuce lambunan albasa, masu ban ruwa suna sakin jigo suna ɗaga hannu. A Wurno Alhaji ya ce a tsaya ya yi ziyara a hubbare, aka riƙe shi ya shiga ya yi addu'a. Kafin ya fito Mu'azu ya buɗe murfi ya ɗora bayan hannunsa a kan kitson da ke tsakanin inji da shasi. Ɗumin inji kawai ya ji. Wayar cok kuwa sanyi ƙalau.

Rana ta ɗan karkata suka shiga Rabah. Malam Jelani yana kishingiɗe a ƙofar zaurensa, ya ji ƙugin mota ya ɗauka wani ma'aikacin En'e ne. Da ya ga wanda ake saukowa da shi sai ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Alhaji ya dogara sanda ya ƙarasa, ya zube kusa da shi a kan tabarma. Suka riƙe hannun juna, suka yi ta jera gaisuwa, wannan bai gama amsawa ba wancan ya sake tambaya, hawaye yana bin gemun Malam Jelani bai damu ya share ba.

Bayan an ci abinci Alhaji ya sa aka matso da motar dab da zaure, ya ce Mu'azu ya buɗe murfi. Bai nuna fenti ba, bai nuna kujerar maɗaci ba.

"Jelani, leƙa nan. Ka ga wanga jan abu? Ɗiyata tay yi shi da hannunta. Shi kuma wanga bawan Allah, ni da kaina nic ce mu taho tun tuni, yaƙ ƙi. Ya dube ni yac ce ba shi ɗaukata."

"Bai dube ka ba dai," in ji Malam Jelani, yana dariya, ganin yadda Mu'azu ya sunkuyar da kai. Ya miƙa hannu ya shafa kitson, ya sa wa Habi albarka, ya sa wa mijinta.

Da safe Malam Jelani ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ke ransa. Yana da gona a bakin gulbi, wadda ya dasa mangwaro a cikinta da hannunsa, rabonsa da ita tun da ƙafafunsa suka gaza. 'Ya'yansa suna cewa itatuwan sun fara 'ya'ya. Ko motar tana iya bin hanyar jakai?

Mu'azu ya je da ƙafa ya dubo hanyar, ya dawo ya ce tana iyawa in an bi a hankali. Aka ciccibi tsofaffin biyu aka zaunar a baya. Tun kafin su fita daga gari suka fara musu a kan wani raƙumi da ya gudu da kayansu a hanyar Azbin suna samari, kowa yana cewa ɗan'uwansa ne ya yi sakacin ɗaurin. Ba su daina ba sai da motar ta tsaya a bakin gonar.

Itatuwan sun fi tsayin ɗaki, sun yi fure, ƙudan zuma suna ta kai da kawo. Malam Jelani ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce a matsa da shi gaba kaɗan, akwai ɗaya a kusurwar gabas da ya dasa a ƙarshe, wanda kowa ya ce ba zai kama ba. Mu'azu ya tayar da mota ya bi gefen shinge da ita sannu a hankali, har suka tsaya a ƙarƙashin inuwarsa.